Layi Bakwai da Hanya Ba Ta Kai Gare Su

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwar aiki waɗanda yau ko an tuna mini sai na yi ta lalube, amma maganar layi bakwai ɗin nan ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Saura ƙiris na raba wani dattijo da aikinsa da mutuncinsa, kuma da wallahi a bakina na yi.

Lokacin ba a daɗe da yanke mana jiha daga Kaduna ba. Ina aiki a wani ofishin ayyukan gona a Funtua, ni ne mai kula da kwamfuta. Ku da kuka taso da waya a aljihu ba za ku gane nauyin wannan magana ba. Kwamfuta biyu ce tak a ofishin, an ware musu ɗaki mai na'urar sanyi, a bakin ƙofa ake tuɓe takalmi, Manaja kansa sai ya ƙwanƙwasa kafin ya shigo. Ni kuwa shekarata ashirin da shida, na dawo daga kwas a Zariya, kai ya kumbura har hula ba ta zama. In na fita cin abinci masinjoji suna nuna ni suna cewa ga mai magana da inji nan. Ban taɓa gyara musu ba, daɗin abin nake ji.

Aikin ba shi da wuyar faɗi. Muna da malaman gona a ƙauyuka, daga Dandume har Dayi, kowa da manoman da yake koya wa zamanin noma. In kaka ta yi, kowane malami zai cika fom, ya rubuta abin da kowace gona ta bayar. Ni kuma na rubuta furogiram, wato jerin umarni layi-layi, kowane layi da lambarsa, wanda kwamfuta ke bi ta tattara fom ɗin nan ta fitar da amfanin da yankin kowane malami ya samu. Da wannan takarda manya ke gane wa ke aiki, wa ke barci a gindin bishiya.

Da na fara rubuta shi, abin gwanin sha'awa ne, bai fi shafi uku ba. To amma ofis ne na manya, ni kuma yaro. Yau wannan zai leƙo ya ce a ƙara masa gonakin fadama, gobe wancan ya ce manomansa suna haɗa dawa da wake a gona ɗaya, a raba masa. Ka san halinmu, babba ba zai tako ƙafa ya roƙe ka abu ka ce masa ya dawo wani mako ba. Nan take nake zama in ƙara masa yana tsaye, don ya ga ban raina shi ba. Akwai wani umarni mai sauƙi da muke kira je-ka, wanda ke ce wa kwamfuta ta bar inda take ta tsallaka layi kaza. Shi ne abokin raggo. Duk wanda ya zo da buƙata sai in rubuta masa 'yan layuka a inda na ga fili, in harba je-ka zuwa can, in harba wani ya dawo. Cikin shekara biyu furogiram ya zama kamar gidan gandu, duk ɗan da ya yi aure a manna masa ɗaki, har baƙo ya rasa ina ce ƙofar fita. Ya kai shafi arba'in da wani abu, kuma ni da yawan shafin nake alfahari.

A cikin masu zuwa akwai malamin gonar Ƙarfi. Kowa Baba yake ce masa. Ya shekara kusan talatin yana aikin tun zamanin da ake yawo a keke, mutum ne siriri marar yawan magana, kullum da tsohon littafi a aljihun gaba an ɗaure shi da roba. Wata Talata ya zo a kan babur ɗin ofis, ya tuɓe takalmi, ya tsaya a bakin ƙofa bai ƙarasa shigowa ba.

Ya ce, "Ɗana, wata alfarma na zo nema. Mutanena masara kaɗai suke aunawa a buhu. Dawa ba sa sussukewa, a dami suke ɗaure ta su jera a rumbu, sai za a ci a ciro. In na ce su sussuke don in cika fom, kora ta za su yi. Dami nake rubutawa. Ka sanar da injin nan naka."

Na ce, "Baba, ai wannan ba komai ba ne. Zauna ka gani."

Ya gaya mini nauyin da dami ɗaya ke bayarwa in an sussuke, don ya sha gwadawa da hannunsa. Na rubuta layi bakwai a gabansa: in fom ya ce dami, a ninka da kaza, a mai da shi kilo. Na juya masa allon, na karanta masa ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka, ya tafi. Na gwada a ranar, ya yi aiki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya ruɗe ni daga baya.

A ɗakin nan ba ni kaɗai ba ne. Kwamfuta ta biyu tana hannun wata abokiyar aiki da muke kira 'yar Alhaja. Mahaifiyarta Bayarbiya ce mai sai da kwanuka a kasuwar Funtua, ita kuwa a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi, in ta yi maka baƙar magana sai ka isa gida za ka ji zafin. Ta girme ni da shekara biyu, ta kuma fi ni karatu, abin da a lokacin ko da wuƙa a wuya ba zan amsa ba. Tun tana makaranta ta rubuta wani ɗan furogiram da ba ya lissafin komai na gona. Aikinsa kawai ya karanta furogiram ɗin wani, ba tare da an kunna shi ba, ya faɗi abin da ya gani. Ni na raɗa masa suna Duba-gari, don tsokana, saboda ya tuna mini da ma'aikatan tsabta masu shiga gida su leƙa randa. Maimakon ta ji haushi, sai ta karɓi sunan.

Ta sha yi mini bayaninsa. Abu na farko, yana ƙirga mararraba, wato duk inda furogiram ya ce in kaza ne bi nan, in ba haka ba bi can. Ta ce yawan mararraba shi ne yawan hanyoyin da dole ka gwada kafin ka ce ka san abin da ka rubuta, kuma ita a wurinta sashen da ya wuce goma ya isa a raba shi biyu. Abu na biyu, yana tashi daga layin farko ya bi kowace hanya, duk layin da ya taka ya sa masa alama, in ya gama ya faɗi waɗanda bai taɓa takawa ba. Nata aikin ma ba ta miƙa wa Manaja sai Duba-gari ya bi ta kai, kuma na sha jin ta tana tsaki tana cewa ya kama ta.

Takan ce, "Malam, kawo naka ya leƙa mana. Minti goma ne."

Ni kuma in ce, "Malama, gidana a share yake. Abin da ke aiki me za a duba masa?"

Ta ce, "Mai tsoron duba-gari dai ya san abin da ke cikin randarsa."

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Gaskiyar magana, ba tsoron kuskure nake ba, don ban yarda akwai shi ba. Abin da ba na so shi ne a ce abin da mace ta rubuta ya ba aikina maki. Na faɗa ne yadda yake, ba don ina jin daɗin tunawa ba.

Ana nan sai umarni ya zo daga sama cewa a rage ma'aikata. Manaja ya ce ba zai yi son kai ba, takardar kwamfuta za ta raba gardama, malaman da yankinsu ya zo ƙarshe a amfanin gona su ne za su tafi. Na buga takarda na kai masa. Ƙarfi ce ta ƙarshe, kuma ba da ɗan kaɗan ba. Na ga haka da idona, na ɗan yi mamaki, sai na ce wa raina ai damina ta yi gardama a wasu wurare, kuma tsufa ya kama Baba. Ban ƙara tunani a kai ba. Aka ba shi takardar sallama, aka ce ƙarshen wata mai zuwa ya ajiye aiki, babur kuwa ya miƙa makulli tun yanzu.

Kwana biyu bayan haka ya zo, a motar haya wannan karon. Ya tsaya a inda ya tsaya wancan karo, littafinsa a hannu.

Ya ce, "Ɗana, ba rigima na zo yi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Dawar da na gani bana a Ƙarfi, na daɗe ban ga irinta ba. Ka tabbata injin nan ya san dami?"

Raina ya ɓaci, don a gaban 'yar Alhaja ya yi tambayar. Na jawo takardun furogiram, na buɗe shafin, na ɗora yatsa a kan layukan.

Na ce, "Baba, ba a gabanka na rubuta ba? Ga su nan, ɗaya, biyu, har bakwai. Wallahi tallahi daminka yana ciki. Inji ba ya ƙarya, abin da aka ba shi yake bayarwa."

Ya dubi rubutun injin da ba ya iya karantawa, ya dube ni. Ya ce, "Tunda ka rantse, shi ke nan. Kuskuren daga wajena yake. Allah Ya ba mu haƙuri." Ya mai da littafi aljihu, ya sa takalmi, ya tafi.

'Yar Alhaja ba ta ɗago kai ba sai da ya yi nisa. Ta ce, "Malam, rantsuwa ba gwaji ba ce. Kawo faifan da furogiram ɗinka ke ciki." Na ce ta ji da aikinta. Mako uku cur muka yi a ɗaki ɗaya, gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Abin da ya karya ni ba tausayi ba ne, kada in yabi kaina. Manaja ne ya kira ni ya ce manya sun yaba da furogiram ɗina, ana so a kai shi sauran yankuna, ni kuma a ɗaga ni mataki in riƙa zagayawa ina koyarwa. Amma ya ce kafin ya sa hannu, a bi ta kansa da abin nan na Malama, don ya ji ana cewa yana kama kuskure. Ba yadda zan yi. Da safiyar Litinin na miƙa mata faifai, ina murmushin da bai kai ciki ba.

Ta sa, ta danna, muka zauna muna jin firinta, na'urar buga takarda, tana ƙara. Ko minti goman ba a yi ba. Ta yage takardar ta karanta a hankali, ta ce, "Babban sashenka mararraba tamanin da huɗu."

Na yi dariya na ce, "Ai aikin ne babba. Kin taɓa ganin babban gari da mararraba goma?"

Ta ce, "Babban gari yana da masu unguwanni. Naka kai kaɗai ne, kuma na rantse ba ka taɓa zaga rabinsa ba. Hanya nawa ka gwada?"

Na san amsar. Fom ɗin Dandume nake gwaji da shi kullum, saboda shi ne a saman tari, kuma mutanen Dandume da buhu suke aunawa.

Sai ta miƙo mini takardar, ta nuna ƙasa da bakin biro. Layi ɗaya ne. Duba-gari ya rubuta cewa akwai layuka bakwai da babu hanyar da ta kai gare su, ya ba da lambobinsu. Ban buƙaci buɗe shafi ba, na haddace lambobin, su ne na ɗora wa yatsa mako uku da suka wuce.

Na ce, "Ƙarya yake."

Ta ce, "To bi da fensir."

Na baje takardu a ƙasa, na durƙusa, na fara bi daga layin farko kamar mai bin sawun akuya. Na bi ta nan, je-ka ya ɗauke ni ya jefa can. Na dawo na bi ta wata hanya, ya sake tsallakewa da ni. Sau biyar ina zagayowa. A na shida na gan shi, wani je-ka guda ɗaya, zaune daidai saman layukan Baba. Nan na tuna ranar da na sa shi. Wata biyu bayan zuwan Baba na farko, mataimakin Manaja ya shigo yana sauri ya ce takarda tana daɗewa kafin ta fito, in yi wani abu. Na ga in an gama lissafin buhu ai sai a wuce kai tsaye wajen bugawa, na harba je-ka, ya gode ya fita. Ban duba abin da ke ƙarƙashinsa ba. Tun daga ranar, duk fom ɗin da ya ce dami, kwamfuta sai ta ɗauki lambar yadda take ta ce kilo ne. Gonar da ta ba da dami sittin sai ta fito da kilo sittin, ko buhu ɗaya bai cika ba. Masarar da aka auna a buhu ce ta ɗan ɗaga jimlar har abin ya yi kama da gaskiya.

Ɗakin nan da sanyinsa, amma rigata ta jiƙe sharkaf da gumi. Na cire je-ka ɗin, na sake kunna furogiram da fom ɗin Ƙarfi. Daga ta ƙarshe ta koma ta biyu.

Ba zan ɓoye muku ba, tunanin farko da ya zo mini shi ne in gyara in yi shiru. Ba wanda ya sani sai mu biyu. Baɗi lissafi zai fito daidai, furogiram ya tafi sauran yankuna da tsabtarsa, ni in samu matakina. Na dubi 'yar Alhaja, ina jin ta karanta abin a fuskata.

Ta ce, "Kada ka dube ni. Duba-gari ya gama nasa, bai san dami ba, bai san Baba ba, hanya kawai ya ce babu. Ba shi da ƙafar zuwa ofishin Manaja. Ni kuma ba zan riga ka ba, amma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba." Ta juya ta ci gaba da aikinta.

Na fita na yi alwala na yi azahar, na daɗe zaune a kan tabarma. Abin da ya yi ta dawo mini shi ne yadda Baba ya ce tunda ka rantse. Mutum ya ajiye abin da idonsa ya gani shekara talatin saboda wallahin yaro. Daga masallaci ban koma ɗakin sanyi ba, na wuce ofishin Manaja da takardu biyu, tsohuwa da sabuwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na zo da laifi." Na yi masa bayani tun daga farko.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya cire tabarau ya ce, "Wato da takardar banza na sallami mutum." Ya ce maganar kai furogiram wasu yankuna ta mutu, maganar mataki ma haka, kuma a sake lissafin kowane malami daga farko, Malama ce za ta sa ido. Ya rubuta takardar janye sallama, ya sa hannu, ya miƙo mini tare da makullin babur ɗin Baba. Ya ce, "Ba masinja zan aika ba. Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Washegari da hantsi na kama hanyar Malumfashi a kan babur ɗin, na ratse zuwa Ƙarfi. A gidansa aka ce ya fita tun safe, yana unguwar gabas. Na yi mamaki, mutumin da aka sallama me ya fita yi? Na same shi a bayan wani gida, an buɗe rumbu, maigidan yana ciki yana miƙo dami, Baba yana tsaye a rana yana ƙirgawa yana sa alama a littafi. Ashe tun ranar da ya bar ofishinmu abin da yake yi ke nan, gida-gida, a ƙafa. Yana roƙon mutane su buɗe masa rumbu, abin da ba a yi wa kowa, yana neman inda ya yi kuskure. Ya bi gida talatin da wani abu bai samu ba, kuma bai daina ba.

Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa takarda da makulli, na gaya masa komai. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba, ni da nake ganin na fi ƙarfin kuka.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To layukan da ka nuna mini fa?"

Na ce, "Suna nan, Baba. Hanya ce ba ta kai gare su."

Ya jinjina kai, ya ce, "Alhamdu lillahi. Da ma abin da ya hana ni barci, ina tsoron ko na shekara talatin ina cutar mutane ban sani ba." Ya ninke takardar ya sa a littafi. Sannan ya ce, "Ni na yafe, ɗana, ka rantse ne a kan abin da ka gani. Amma akwai saura. Na tara mutanen nan a ƙofar mai unguwa na ce musu ni na ɓata lissafinsu, na sa aka ce Ƙarfi ba ta noma, na nemi gafararsu. Wasu har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau. Wannan ba takarda za ta gyara ba."

Bayan la'asar aka taru a ƙofar mai unguwa. Ni da na saba a nuna ni a ce ga mai magana da inji, na tsaya a gaban manoma kusan hamsin ina neman kalmar da zan faɗa. Na ce musu Baba bai yi kuskure ko na dami ɗaya ba, ni ne na rubuta wa injin yadda zai lissafa dami, na kuma dawo da hannuna na toshe hanyar zuwa wurin ban sani ba. Sai wani tsoho mai carbi a gefe ya ce, "Yaro, in na gane, ɗaki ka gina ka manta ƙofa, ka kuma rantse akwai mutum a ciki."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Aka fashe da dariya, har da mai unguwa. Dariyar ta yi mini ciwo, amma na ga mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna zuwa suna miƙa wa Baba hannu, wasu suna cewa ya yafe musu zargi. Maigidan da aka buɗe wa rumbu da safe ya ce shi dai a zo a taya shi mai da damin da aka fitar, tunda ba laifinsa ba ne. Ni na taya shi, da farar rigata ta ofis, ƙaiƙayi ya ci ni har wuya. Baba ya goya ni a babur ɗinsa ya kai ni bakin titi na hau mota.

Wata biyu muka yi da 'yar Alhaja muna warware furogiram ɗin nan. Muka farfasa shi ƙanana-ƙanana, kowane sashe da aikinsa guda, muka kori je-ka sai inda ba makawa. Duk sashen da na gama sai in miƙa mata faifai da kaina, ban jira ta tambaya ba. Ya sake kama mini wasu wurare biyu, ƙanana, ba su taɓa kowa ba. Ta kuma koya mini cewa shi ma Duba-gari ba malamin duba ba ne, in ka rubuta nauyin dami ba daidai ba zai wuce bai ce uffan ba, wannan sai ka ɗauki fom na gaske daga kowane yanki ka gwada, ka kuma tambayi mai gona. Ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai in na fara cika baki takan ce, "Malam, tamanin da huɗu," sai in kama kaina.

Baba ya yi shekara huɗu yana aiki bayan haka, ya ajiye da kansa da mutuncinsa. Duk kaka in ya kawo fom yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗana, akwai hanya?" Ni kuma ban ƙara ce masa wallahi ba. Sai in ce ya shigo ya zauna, in sa fom ɗinsa a gabansa, ya ga daminsa ya shiga ya fito daidai da abin da ke littafinsa.

Na yi shekaru da yawa ina wannan sana'a bayan nan, na ga na'urorin dubawa da suka fi na 'yar Alhaja nesa ba kusa ba, na kuma ga samari masu irin kaina na da, waɗanda in an ce a duba aikinsu sai su ji kamar an zage su. Nakan ba su labarin nan. Abin da na koya shi ne, ganin abu a rubuce ba shi ne yana aiki ba, kuma mai aiki shi ne na ƙarshen ganin ramin da ya haƙa, don haka gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Minti goma aka roƙe ni na hana saboda girman kai, wani dattijo ya biya da mako uku yana yawo a ƙafa yana neman laifin da ba nasa ba. Tun daga ranar, in mutum ya ce mini abin da idonsa ya gani ya saɓa wa abin da injina ya faɗa, injin nake fara tuhuma, kuma ba na rantsuwa a kan hanyar da ban bi da ƙafata ba.